Mai Gado Na Bakwai

Ranar Litinin da safe, tsohon da ke gado na shida ya jefi babban likita da kofin shayi, kuma bai kuskure ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a makarantar horar da fastoci, shi ya sa kowa a ɗakin majinyatan yake ce masa Malam. Yanzu mantuwa ta cinye masa kusan komai. Sunan matarsa ya tafi, fuskokin 'ya'yansa suka bi bayansa. Abu biyu kawai suka rage masa: darasinsa na yadda Allah ya zama mutum, da taurin kai.

Akwai ƙari a cikinsa da dole a cire kafin mako ya fita, amma jikin ya yi laushi. Sai ya ci, ya sha magani, an ƙara masa ruwa, sannan a iya taɓa shi da wuƙa. Malam ya ce allambaran. Duk mai farar riga da takunkumi, a wurinsa maƙiyi ne da aka turo.

"Ba na karɓar komai daga hannun wanda ya tsaya a kaina," in ji shi. "Ku je ku ba iyayenku."

Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɓoye ƙwaya a cikin ayaba. Malam ya cinye ayabar ya miƙo mata ƙwayar. Sau biyu ana sa masa allurar ƙarin ruwa yana fizge ta. Kwana huɗu ke nan, leɓɓansa duk sun tsattsage, kuma Sista ta fara jin tsoro na gaske.

Ranar Talata aka kwantar da sabon majinyaci a gado na bakwai. Magidanci ne mai furfura jefi-jefi, sanye da shuɗiyar rigar nan ta asibiti mai igiya a baya, wadda ba ta rufa wa kowa asiri. Akwai filasta a girarsa ta hagu. Bai zo da jaka ba, ba wanda ya rako shi.

"Maƙwabci, me ya same ka a goshi?" Malam ya tambaya.

"Wani ne ya jefe ni."

"Mutanen yanzu ba tarbiyya," in ji Malam.

Suka gaisa. Maƙwabcin ya daɗe riƙe da hannun tsohon, yatsunsa biyu a kan wuyan hannun, idonsa a kan agogon bango.

Da aka kawo abincin rana, shinkafa ce ba gishiri. Mai gado na bakwai ya ci tasa a kwance, yana yamutsa fuska. Malam ya kalle shi ya kalle shi, sannan ya jawo nasa kwanon, wai don ya ji ko da gaske ta kai haka muni. Ta kai. Ya ci cokali tara don ya tabbatar.

Da la'asar maƙwabcin ya haɗa masa shayi, sukari cokali ɗaya da rabi, ya yi ta juya shi tsakanin kofi biyu har ya huce. Bai tambayi yadda Malam yake so ba. Masu share ɗakin kuwa, in sun zo daidai gado na bakwai sai su rage murya, har da ɗan rusunawa.

Ciki ya ɗauka, sai darasin Malam ya motsa.

"Bari in gwada ka. Me ya sa Allah bai zauna a sama ya aiko da umarni cewa an cece mu ba?"

"Ai ya sha aiko da saƙo, ba mu ji ba," in ji maƙwabcin. "Ciwon a jikinmu yake, mutuwar ma a jikinmu take. Don haka ya ɗauki jikin da kansa, ya ji yunwa, ya gaji, ya mutu a cikinsa, ya tashi da shi."

"Ko dai kama da mutum kawai Yesu ya yi?"

"Da kama da mutum kawai ya yi, da kama da ceto kawai muka samu."

Malam ya tashi zaune. "Wa ya koya maka wannan?"

"Wani malami, tun ina ƙarami."

"Ya iya koyarwa," in ji Malam.

Ranar Laraba Sista ta shigo da ledar ƙarin ruwa. Malam ya cusa hannunsa ƙarƙashin bargo, ya nuna gado na bakwai da haɓa. "A fara sa masa. Kuma ba wasan filasta ba, ina son in ga jini."

Maƙwabcin ya miƙa hannu. Sista, wadda ta shekara ashirin tana samun jijiya da ido a rufe, yau ta nemi tasa ta rasa. Sau uku tana kuskurewa. Jini ya gangaro har kan zanin gado.

Malam ya leƙa, ya ga jinin na gaske ne. Ya fito da hannunsa daga bargo.

Ranar Juma'a da hantsi aka zo da gadon turawa. Malam ya ce ba inda za shi sai da maƙwabcinsa. Haka mai gado na bakwai ya bi shi ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da tsohon, ɗayan riƙe da bayan rigarsa, har bakin ɗakin tiyata.

"Kai mutumin kirki ne," in ji Malam. "Iyayenka sun yi tarbiyya."

Ƙofar ta rufe. Sista ta matso da farar riga a kafaɗarta da takarda a hannu.

"Likita, ga rigarka. Ga kuma takardar amincewa, sai wani nasa ya sa hannu."

Ya ce ta riƙe rigar tukuna, ba ya so tsohon ya farfaɗo ya tarar da gado na bakwai ba kowa. Ya karɓi biro da hannun da ya kumbura, ya sa hannu, kuma a layin da aka tambayi dangantakarsa da majinyaci ya rubuta: ɗansa na fari.