Jirgin da Bai Yi Ƙara Ba

Jirgi na tasowa daga bayan katangar sansanin sojan sama, tela ya ajiye cokali, ya dubi matarsa ya ce, "Miyar nan salam take, kuma ƙanenki ɓarawo ne."

Sai ya ji muryarsa raɗau a tsakar gida.

Tun suna ango da amarya suke maƙwabtaka da sansanin. A da, jiragen yaƙi kan tashi da rugugin da ke girgiza kwanon rufi, shi kuma ya saba amayar da abin da ke cikinsa cikin ƙarar, yana murmushi, ba mai ji. Ba wanda ya gaya masa yanzu jirage marasa matuƙi aka kawo, masu wucewa shiru kamar shirwa.

Matar ta miƙa masa gishiri.

"Maigida, ai na daɗe ina karanta leɓɓanka."

Ya karɓi gishirin ya ce, "Amma ba ki taɓa tankawa ba."

"In jirgi ya tashi ka ga bakina na motsi, me kake zaton nake yi?"

"Addu'a kike wa matuƙin."

Ta gyara zama. "Shi ya sa kullum kake shafawa, kana cewa amin."