Ihun Mutum Biyu

Fuskar ɗanta na bayyana a allon majigi, tsohuwar ta damƙe hannun jikarta.

"Ke, tashi mu tafi. A kan wannan haukan na kore shi."

"Haba Kaka, ki ɗan daure. Ni fa ban taɓa jin muryar babana ba."

Tsohuwar ta koma ta zauna. Fim ne a kan samarin Johannesburg masu kiɗan pank, kiɗan ihu da tawaye, a zamanin wariyar launin fata, baƙaƙe da farare a dandali ɗaya, 'yan sanda na jiransu a ƙofa. Ga ɗanta nan, gashi tsaitsaye kamar ƙaya, riga a yage, yana tsala ihu har jijiyoyin wuyansa sun fito. Haka yake ranar da ta watso masa kayansa waje. Bai dawo gida ba sai a akwatin gawa.

Aka nuno shi bayan wasa yana haki. Mai ɗaukar fim ya tambaye shi me ya sa ba ya rera waƙa sai ihu.

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "A ɗakin bayan gidan Turawa na tashi, inda uwata ke aikatau. Ko tari za ta yi, sai ta toshe baki da zani. Ihun mutum biyu nake yi."

Tsohuwar ta taɓo jikarta. 

"Je ki ce musu su ƙara murya. Ba na jin sa sosai."