Kwanon Ɗakinmu

Washegarin guguwar da ta yaye rufin unguwarmu a Sabon Gari, muna zaune a tsakar gida sai aka faɗa a rediyon Baba cewa wani hadarin zai sauko kafin magariba. A guguwar nan ne bango ya danne mijin maƙwabciyarmu Maman Ladi, ya rasu. Ɗakinta kuwa ko falle ɗaya na kwano bai rage ba.

Namu ɗakin Allah ya tsare shi. Baba ya kashe rediyo, ya jingina tsani, ya hau ya fara ɓamɓare kwanonmu zai kai mata.

Inna ta fito daga madafa, hannunta duk gari. "Malam, lafiya? Mu kuma ina za mu sa kanmu?"

Ya zare ƙusoshin da ke bakinsa, ya ce, "Ke kina da mai hawa ya gyara miki gobe. Ita fa?"

Inna ta goge hannu a zani, ta zo ta riƙe masa tsanin.

Ranar mun jiƙe sharkaf. Yau na girme Baban wancan lokacin, amma duk sanda hadari ya haɗo sai in tambayi kaina ko ni zan iya hawa tsanin nan.