Baƙuwar Mai Jar Riga

Ƙarfe tara daidai tsohuwar take shigowa kowace Laraba, ta buɗe jakarta tun kafin a tambaye ta. Jami'ar da ke rubuta sunayen masu ziyara ta riga ta haddace abin da ke ciki: singileti biyu, sabulu, da maganin gyambon ciki.

Wajen Dogo take zuwa. A gidan da ake tsare baƙin da ba su da takardun zama, riga kala biyu ce. Shuɗiya ta waɗanda takarda kawai ta ƙare musu, ja kuma ta masu tabon laifi a fayil. Dogo ja aka ba shi.

Laifin nasa ya shekara ashirin da biyu. Direban motar bulo ne a lokacin. Gyangyaɗi ya ɗauke shi da tsakar rana, ya bi ta kan wani ɗalibi a bisa keke. Ya yi shekara huɗu a kurkuku, ya fito, bai sake taɓa sitiyari ba. Kafinta ya koma. Ranar da ya je sabunta katin zamansa, na'ura ta tono tsohon fayil, aka ce ya ɗan jira a benci. Wata bakwai ke nan.

Ta bayan gilashi suke magana. Shi kullum kansa a ƙasa.

"Inna, wa ke ɗora miki tukunyar gas yanzu?"

"Ka bar zancen gas. Dube ka, ka koma kamar sandar tsintsiya. Ba ka ci ne?"

Jami'ar takan ji su. A hankali ta gane cewa shi ke raka tsohuwar asibiti, shi ya gyara mata rufin ɗaki, shi ke jera mata ƙwayoyin hawan jini na mako. Ta ga iyaye da yawa a wannan layi, amma ba ta taɓa ganin wadda lauya ke miƙe wa tsaye ba. Lauyan Dogo kuwa yana miƙewa.

"Maganarki ta fi ta kowa nauyi," in ji shi. "In akwai abin da zai hana a kore shi daga ƙasar nan, takardarki ce."

Kwana uku tsohuwar ta yi tana rubuta shafi ɗaya.

Ranar zaman kotu, jami'ar ce aka sa tsaron ƙofa. Alƙali ya karanta takardar a zuci, ya koma farko ya sake. Sannan ya cire tabarau ya dubi tsohuwar.

"Ke kika rubuta da kanki? Ba wanda ya matsa miki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Alƙali ya ajiye takardar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce doka ta ɗaure masa hannu: duk laifin da aka rasa rai a cikinsa, sai kora. Za a mayar da Dogo ƙasar da ya baro yana ɗan shekara biyar, inda bai san ko ƙofar gida ɗaya ba. Dogo bai yi kuka ba. Ya dai roƙi lauya ya rubuta wa maƙwabciya yadda ake ba Inna magani.

Larabar da ta biyo, tsohuwar ta zo ƙarfe tara. Jami'ar ta kasa buɗe littafi.

"An tafi da su Dogo jiya, Mama. Ba a sanar da mu ba sai da mota ta iso."

Tsohuwar ta zauna a benci a hankali, ta dafa gwiwoyinta. Layi ya ci gaba ta gefenta. Jami'ar ta bar tebur ta durƙusa gabanta.

"Allah ya ba ki haƙuri. Wallahi ban taɓa ganin ɗa mai kula da uwarsa kamar ɗanki ba."

Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi.

"Shekara uku ya yi yana zuwa ƙofata kafin in amsa sallamarsa," ta ce. "Ba ni na haife shi ba, 'yar nan. Ɗana shi ne mai keken."