Hannun da Likita Ya Kashe

"Ai na san Baba ba zai zo ba," na ce wa ƙanwata Auta.

Farkawata ke nan daga aikin kafaɗa. Kafin a shiga da ni, likita ya yi min allura a gefen wuya, ya kashe hannun hagun gaba ɗaya. Ya ce ko wuta aka ɗora min ba zan ji ba sai gobe. An tokare min kai da filo, ina kallon dama, inda Auta take zaune.

"Yaya, yi shiru," ta ce.

"Ba zan yi ba! Shekara uku ba ya amsa gaisuwata, don kawai na bar masa shagon ɗinkinsa. Ko gawata aka shimfiɗe, mutumin nan ba zai tashi daga kan kekensa ba."

Auta tana ta ƙifta min ido, ni kuwa na ƙara wuta. Har na ce ranar nasa ciwon, kada wanda ya neme ni.

Sai ga nas ta shigo, ta zagaya hagu.

"Baba, ɗan sakar masa hannun in duba yatsun. Awa biyu ke nan kana riƙe da shi."

Na juyo da ƙyar. Yana zaune, guntun zare maƙale a hularsa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Bai dube ni ba. Ya miƙa mata hannuna, ya ce, "Bi a hankali, 'yata. Tun yana ƙarami ba ya jure ciwo."