Fararen da ke Cikin Kwando

Madatsar ruwa ce ta cinye ƙauyensu, aka kwaso su zuwa dutsenmu. An ba su gidajen kwano da shinkafa, amma ba wanda ya nuna musu dajinmu.

Mahaifiyar sabuwar ɗalibata ta san naman kaza iri saba'in a dajinsu. A namu ta tsinko farare masu kama da na gida, ta dafa, ta ɗanɗana. Kwana huɗu ta yi, ta rasu.

Bayan zaman makoki, yarinyar ta shigo aji, ta dangwara guda ɗaya a teburina.

"Malama, mene ne wannan?"

Yara talatin suka haɗa baki: "Guba ce! Ko akuyarmu ta sani!"

Yarinyar ta dube su. "Tun yaushe kuka sani?"

"Tun muna goye, 'yar ƙauyen ruwa!"

Ta juyo gare ni.

"Inna ta ratsa kasuwarku da kwandonta a buɗe. Har gaishe ku ta yi!"

Na kasa ɗaga kai. Ni ma na amsa gaisuwar.

Ranar ta gane cewa kowa ya ga kwandon, kowa kuma ya yi shiru.