Ƙaramin Yatsan Goggo Tasalla

Tun da allurar zuciya ta zo daga ƙasar Sin aka daina kuka a garin. Siririya ce kamar gashin masara. Ana soka ta a wuyan hannu, kan layin da ya taso daga hammata ya sauka ƙaramin yatsa, sai baƙin ciki ya kwanta. Illarta ɗaya: yatsan ba ya ƙara lanƙwasuwa.

Goggo Tasalla ta karɓi tata ranar da aka binne mijinta, Malam Tanimu. Yau da hantsi ta tsinci babbar rigarsa a ƙasan adaka, ta shinshina, ba ta ji komai ba sai turare. Ta ƙunshe rigar a mayafi, ta nufi rumfar Asabe mai allura.

"Cire min, 'yar nan."

"Goggo, duk abin da ya kwanta zai tashi fa, lokaci guda."

"Ya tashi. Mutumin nan bai cancanci shiru ba."

Asabe ta zare ta a hankali. Ɗumi ya bi hannun Goggo kamar ruwan wanka.

A motar komawa gida, sai ga tarin Malam a kunnenta, ga yadda yake hura shayi. Hawaye ya ɓalle mata. Fasinjoji suka juyo, ƙananan yatsunsu a miƙe, suna kallon ta kamar ruwan farkon damina.

Wata budurwa ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Iya, da zafi?"

"Da zafi sosai," in ji Goggo, ta damƙe rigar da yatsunta biyar.